Ɗakina Mai Kallon Gabas

Ni da bakina na ce a sa ƙofar ɗakina ta kalli gabas. Ba wanda ya tilasta mini, ba wanda ya ruɗe ni. Hasali ma da aka tambaye ni ko na tabbata, sai da na bugi ƙirji har tari ya sarƙe ni.

Abin ya faro ne bayan an ba mu jiha, lokacin da Jalingo ta wayi gari ta zama hedikwata ba tare da ta ko wanke fuska ba. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da katifu ɗaure a kan motoci, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Mu kuwa a gidan kakanninmu da ke unguwar Sarkin Dawaki dama mun cika har muna zuba. In ka yi miƙa a tsakar gida, sai ka mari wani baffanka. Baba yana da fili a bakin unguwar Abbare wanda ya daɗe da saye, ciyawa da awakin mutane suna morarsa. Sai ya ce da zarar ruwa ya ɗauke za a fara gini, mu tashi.

A lokacin damuwata a duniya guda ɗaya ce, ita ce ƙannena biyu maza da muke kwana ɗaki ɗaya. Babban yana juyi cikin barci kamar injin niƙa. In ya kwanta kansa na gabas, da safe a ƙarƙashin ƙafata zan tsince shi. Ƙaramin kuwa daminarsa daban yake yi shi kaɗai, ko cikin tsakiyar rani. Na sha tashi da rigata jiƙe, ba ni na yi ba, amma ni ake kallo.

Saboda haka na sami Baba. Shi ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye yana sayarwa, kuma maganarsa ba ta da yawa. In ya ce maka "to", sai ka tsaya ka auna wace irin "to" ce.

Na durƙusa na ce, "Baba, a sabon gida ina son ɗakina ni kaɗai."

Ya ce, "Ka girma ke nan."

Na ce, "Ana faɗa."

Ya ce, "Su wa?"

Na soshi ƙeya. Sai ya ce, "Akwai kusurwa ta bakin hanya da na yi niyyar yin ɗakin ajiyar masara. In za ka buga bulonka da hannunka, ka yi wa magini lebura, ni zan ba da kwanon rufi da katako. Ɗaki naka ne, ka yi shi yadda kake so. Amma ranar da zama ya gagare ka a cikinsa, ba na son dogon bayani. Ka koma wurin ƙannenka, masara ta shiga."

Na ce na yarda tun kafin ya rufe baki. Wane irin ɗaki ne zai gagari mai shi?

Bulon ƙasa muka yi gidan da shi, kuma wanda bai taɓa bugawa ba bai san abin da ake kira ciwon baya ba. Sai ka haƙa jar ƙasa, ka turo ruwa a kura daga rafi, ka zuba yankakkiyar ciyawa, ka shiga da ƙafa kana tattakawa kamar mai rawa ba kiɗa. Sannan ka cika akwatin katako, ka danna, ka zare, ka bar wa rana. Kullum in na taso daga makaranta can nake wucewa. Dugadugaina suka tsattsage har kaza za ta iya ɓoye ƙwai a ciki. Bulona na farko sun fito kamar burodin da aka zauna a kai. Wani akuya kuma ya bi ta kan layi guda tun yana ɗanye ya sa mini hannu, har yau sawunsa na cikin bangona.

Magininmu ƙanen Inna ne, Kawu muke ce masa. Mutum ne mai son dariya, ko yana kan tsani sai ya tsokani na ƙasa. Ranar da aka zo fitar da harsashi ya ja igiya, ya zuba toka a kan layi, sannan ya juyo gare ni.

"To mai gida, ina ƙofa za ta kalla?"

Na nuna hanya. Hanyar ta bi ta gabashin filinmu ne, ita mata da 'yan mata ke bi zuwa ɗiban ruwa, ita kuma ke kai mutum gidan kallon bidiyo. Na riga na yi lissafina tsaf. In ƙofata ta buɗe cikin gida, za ta kalli daidai inda Baba ya ce zai kafa rumfarsa, kuma na san abin da ke fitowa daga wannan rumfa: "Ina za ka?" Tambayar nan ta bi ni tun ina rarrafe. In kuwa ƙofa ta buɗe waje, sai in fita in dawo kamar iska.

Kawu ya ce, "Ɗaga kanka ka dubi layin nan. Ka ga ɗaki ko ɗaya da ƙofarsa ta kalli gabas?"

Na duba. Babu. Duk gidajen sun juya wa gabas baya kamar sun yi faɗa da ita, wasu ma har sun yi wa bangon wajen shafen siminti.

Na ce, "Ai mutanen da ne, Kawu. Kowa yana kwaikwayon maƙwabcinsa."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi Baba. Baba yana tsaye yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Ɗakinsa ne." Sannan ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?"

A nan ne na bugi ƙirjin nan.

Ban tsaya nan ba. Da Kawu ya zo yin dokin ƙofa, wato ɗan tudun nan da ake tsallakewa kafin a shiga ɗaki, na ce a bar shi, ba na so. Ya ce don me? Na ce don in riƙa shiga da kekena kai tsaye ba sai na ɗaga ba.

Ya ce, "Wane keken?"

Na ce, "Wanda zan saya."

Ya ajiye cokalin gininsa ya yi dariya har ya zauna a kan bulo. Amma ya bar mini ƙofata a shafe, daidai da ƙasar hanya.

Da bango ya kai tsayin ƙofa, Baba ya kawo guntayen azara biyu na giginya. Ni na ɗauko su a kafaɗa daga bakin hanya, suna cizona. Kawu ya ɗora ɗaya a saman ƙofata, yadda ake yi don ta riƙe bulon da ke sama. Ɗayar kuma ya kai ta bangon yamma, na cikin gida, inda babu ƙofa babu taga, ya kwantar da ita a cikin gini.

Na ce, "Wannan fa ta mece ce?"

Ya ce, "Ta ƙarfi ce. Miƙo ƙasa."

Na miƙa ƙasa. Da aka yi yaɓe ta ɓace, ni ma na manta da ita.

Kayan ɗaki kuwa, ban da fadar gwamna ban ga inda ya kai nawa ba. Baba ya ba ni ragowar siminti aka yi daɓe. Na shimfiɗa leda mai zanen furanni da Inna ta daina amfani da ita, na juya wajen da ya ƙone ya koma ƙarƙashin katifa. Katifar ta soso ce, ta tsufa har in ka kwanta kana jin labarin ƙasa, amma tawa ce. Na yi silin da kwalaye. Na shafe bango da farar ƙasa, na manna hotunan 'yan ƙwallo har ba a ganin farar ƙasar da na sha wahalar shafawa. Labulena tsohon zanen Inna ne. Na sami benci guda. Abin alfaharina shi ne rediyo mai kaset da wani yayan abokina ya bar mini: na ciro lasifikarta, na ja waya, na kifa ta a bakin tulu. In na kunna, tulun nan sai ya riƙa gurnani har ƙadangaru su faɗo daga bango.

Kakata ta wajen uba, wadda ta biyo mu sabon gida, ta zagayo ta waje da sandarta ta zo gani. Tun ina ƙarami take ce mini angonta.

Ta ce, "Angona, ka yi ɗaki ba ka zo ka ɗauki amarya ba?"

Na ce, "Na fasa, kin tsufa. Sabuwa zan yi."

Ta ce, "Wace mai tsautsayin ce za ta aure ka da wannan wuya kamar na zalɓe?" Ta leƙa ciki, ta dubi leda, ta dubi tulu, sannan ta juya ta dubi duwatsun da ke can gabas. Ta ce, "Ɗaki ya yi kyau. Saura kwalekwale."

Na ɗauka tsufa ne.

Sauran ranin nan na ci duniyata. Abokaina suka mai da ɗakina majalisa. In 'yan mata sun taho da bokitai, sai in ɗaga labule, in ƙara murya, in zauna a bakin ƙofa riƙe da littafin da ban san ko a juye yake ba. Matsala biyu kawai na lura da su. Ta farko, rana tana fitowa a kan fuskata take sauka, kamar ni ta zo tayarwa. Ta biyu, tuwo a cikin gida yake, randa a cikin gida, banɗaki a cikin gida. Duk abin da nake so sai na zagaya ta zaure na wuce ta gaban rumfar Baba. Ya daina ce mini "Ina za ka?" Ya koma "Baƙo, daga ina?"

Sai damina ta zo.

Wata ranar Asabar ce bayan la'asar, ina kwance ina sauraren tuluna. Zafi ya yi zafi, ko ganye ba ya motsi. Can na ji awaki suna gudu. Na leƙa, na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, duwatsun nan duk sun ɓace. Duk wanda ya girma a garin nan ya san hadarin farko daga gabas yake tasowa, da iska a gabansa. Ni ma na sani. Tun ina yaro nake ganin Inna tana kallon wajen in za ta kwashe shanya. Abin da ban taɓa yi ba shi ne haɗa wannan sani da ƙofata.

Na rufe ƙofa na sa sakata. Ƙofar ta kwano ce a kan katako, ƙasanta da tazarar da ɓera zai wuce ba tare da ya sunkuya ba. Iska ta fara dukanta kamar 'yan sanda sun zo kama ni. Sannan ruwa ya sauko, ba daga sama ba, a kwance ya taho, ya nufo ɗakina kamar an ba shi kwatance. Ya shigo ta saman ƙofa, ya shigo ta gefe. Ruwan hanya kuma, da ya gangaro ya ga kowane gida ya juya masa baya, ni kaɗai na bar masa hanya a shafe, sai ya shigo ta ƙasa ba sallama, ta inda kekena zai riƙa shiga.

Ledata ta taso tana lilo. Katifa ta yi ta sha kamar raƙumi. Tulu ya yi gurnaninsa na ƙarshe ya tashi ya fara yawo. Na cafke rediyo da kayan makaranta, na ɗora a kai, na haye benci. Na rantse na ga kifi ya shigo ya duba hotunan 'yan ƙwallo ya fita, ko da yake har yau ba wanda ya yarda.

Cikin gida taku kaɗan ne. Amma in na fita na zagaya ta zaure da rediyo a kai, to zama ya gagara ke nan, masara ta ci ɗaki. Na tuna kwalayen silin, na tuna dugadugaina, na tuna ƙaramin ƙanena da daminarsa. Na ce ko ruwan nan zai kai wuya, a nan za a same ni.

Da ruwa ya ɗan tsagaita sai na ji ana buga ƙofa. Babban ƙanena ne, ya rufa buhu a kai. Hamma ƙannena suke ce mini, wato yaya. Na buɗe kaɗan, ruwan ciki ya sami hanya ya fita da silifas ɗina guda.

Ya ce, "Hamma, Baba ya ce a tambaye ka ko a fara ɗaure buhunan masara."

Na ce, "Ka ce masa ina hutawa."

"A kan benci?"

"A kan benci nake hutawa."

"Takalminka ya tafi."

"Ni na aike shi. Wuce ka ba ni wuri."

Kafin magariba ruwa ya ɗauke. Ina cikin kwarfe ɗaki da kwanon sha sai ga Baba ya zagayo, ya naɗe ƙafar wandonsa, hannayensa a baya.

Ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Na amsa, na durƙusa cikin ruwa.

Ya ce, "Ya ɗaki?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Wanke daɓe nake yi."

Ya dubi katifa, ya dubi tulu da ya kife a lungu, ya dubi kwalayen da suka yi ciki suna ɗiga. Ya ce, "Madalla. Tsafta abu ne mai kyau." Ya juya ya tafi. Ban ga fuskarsa ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Daga ranar na shiga yaƙi da gabas. Na jera buhunan yashi a bakin ƙofa, ruwa ya tsallake. Na yi dokin ƙofa da laka cikin gaggawa, ruwa na gaba ya narkar da shi ya shigo mini da shi ciki. Na jingina zana, iska ta ɗauke ta ta kai wa maƙwabta. Na zama masanin sama. Ko a aji nake, in na ga gajimare ya haɗu sai cikina ya ɗuri ruwa tun kafin ɗakina ya ɗura. A kan benci nake kwana, a miƙe kamar gawa, don in na juya sai ƙasa.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya karya ni katifa ce. Kowace safiya bayan ruwa sai na fito da ita na jingina a bangon waje ta sha rana, ga ƙaton zane a tsakiyarta kamar taswirar Afirka. Bangon nan kuwa a bakin hanyar ɗiban ruwa yake. Wata safiya na ga 'yan mata sun rage tafiya, suna kallon katifa, suna kallona, suna rufe baki da gyale. Na waiga, sai ga ƙaramin ƙanena zaune kusa da ita yana cin ɗumame, yana yi wa duk mai wucewa bayani.

"Hamma ma yana yi. Nasa ya fi nawa yawa."

Na bi shi da gudu har cikin gida, ya shige bayan Kaka. Kaka ta ce, "Kada ka taɓa mini miji. Wannan ko ba komai a tabarma yake yi, ba ya tara wa unguwa 'yan kallo."

A ranar kuma Kawu ya biyo. Ya tsuguna a bakin ƙofata ya sa yatsa a gindin bango, yatsan ya shige. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ruwa yana cin ƙafar ginin nan. In aka bar shi haka, kafin kaka bangon zai kwanta, kuma ba zai tambaya ko kana ciki ba."

Na wuni ina juya maganar. In na yi shiru, ɗaki ya faɗi. In na yi magana, masara ta shiga. Da la'asar na zagaya ta zaure na sami Baba a rumfarsa, na durƙusa.

Ya ce, "Baƙo, daga ina?"

Na ce, "Baba, ɗaki bai gagare ni ba. Ban taɓa kwana a wani wuri ba, ka tambayi kowa."

Ya ce, "Na sani. Ina jin ƙarar benci."

Na ce, "Ƙofar ce nake so a tayar."

"A kai ta ina?"

"Yamma."

Ya dubi bangon ɗakina da ke gabansa, ya dube ni. Ya ce, "Yamma ai ni take kallo."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Ban bugi ƙirji ba. Na ce i a hankali, ina jiran in ji zancen masara. Bai yi ba. Ya ce in je in gaya wa Kawu ya zo da safe.

Tsorona ɗaya ya rage. Na san in aka fasa bangon ƙasa cikin damina ba abin da ke riƙe da samansa, yana iya ruftowa gaba ɗaya. Na faɗa wa Kawu haka da ya zo, har ina ba shi shawarar mu tokare da itace. Bai kula ni ba. Ya tsaya a gaban bangon yamma, ya ɗaga hannu daidai tsayin ƙofa, ya kankare yaɓe da bakin cokalinsa. Sai ga baƙin itace ya bayyana, a kwance, yana jira. Azarar nan ce da na ɗauko a kafaɗata.

Na ce, "Kawu, ka ce ta ƙarfi ce."

Ya ce, "To ba ga shi ta yi ƙarfin ba? Babanka ya ce in sa ta tun ranar da ka bugi ƙirji. Miƙo diga."

Na waiga wajen rumfa. Baba yana ɓare gyaɗa, ko ɗago kai bai yi ba.

A wuni ɗaya aka fasa sabuwar ƙofa, bulon da aka cire aka toshe ta gabas da su, aka shafe bangon wajen da siminti kamar na kowa. Kawu ya yi mini dokin ƙofa mai tsayi, ni nake miƙa masa ƙasa. Masara ta sami wuri a zaure. Ɗaki ya zama nawa, bai ƙara shan ruwa ba, kuma duk fitar da zan yi sai na amsa "Ina za ka?" Keken kuwa ban saya ba.